Taransisto Huɗu Marasa Lamba

Kwana tara da faɗuwar Baba, Kawu ya miƙo mini makullin shago a bakin asibiti. Bai dube ni ba, yana kallon masu shiga da fita.

"Akwai aikin mutum a kan teburin ubanka," in ji shi. "Na direban nan ne, Ƙara-Wuta. Kullum sai ya kira ni kamar ni na karɓa. Ranar Alhamis zai zo. In ka gyara ya tashi, shago ya zauna a hannunka har ubanka ya warware. In ka kasa, akwai wani mai gyaran waya da ya hana ni sakat, sai in ba shi wurin."

Na ce to. Ranar Litinin ce.

Shagon na Kawu ne, wan Inna. Shi ya ba Baba wurin tun kafin a haife ni, kuma yana da dalilin da zai gwada ni. Daga aji biyu na sakandare na ajiye littafi. Na yi wankin mota, na yi yaron mota, na sayar da gilashin ido a bakin titi. Sau biyu ina zama wurin Baba koyon gyaran rediyon mota, na farko wata bakwai, na biyu wata huɗu. Inna takan ce da ƙaya a mazaunai aka haife ni. Abin da na fito da shi bai wuce riƙe ƙarfen dalma da karanta mita ba.

Da na buɗe ƙofa, kujerar Baba tana kwance a gefe yadda ta faɗi da shi. Na tayar da ita. Kofin shayinsa ya bushe ya yi zobe a ciki. Gilashinsa, mai hannu ɗaya ɗaure da waya, yana kan mita. Gwangwanayen madara cike da kusoshi suna jere a jikin bango, batirin mota a ƙarƙashin tebur, sifikar gwaji a cikin akwatin katako. Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba, sai na zauna.

Aikin amfilifaya ce, akwatin da ke ƙara wa rediyon mota ƙarfi. Baba ya riga ya cire murfin. Ɓangare biyu gare ta, hagu da dama, kowanne da manyan taransisto huɗu da aka ɗaure a jikin bangon alminiyon don ya riƙa shanye musu zafi. A dama biyu sun tsage sun yi baƙi. Gyaran ba wani abu ba ne: ka karanta lambar da ke fuskarsu, ka sayo irinsu, ka sa.

Na jawo fitila na duba. Fuskokin takwas ɗin a kankare suke, sumul, babu ko ɗigon rubutu.

Na san haka zan tarar, mantawa na yi. Halin Baba ne. Duk taransiston da ya sa wa mutum, sai ya bi fuskarsa da reza, ya goge da samfefa, don kada wani mai gyara ya buɗe ya kwashi iliminsa a banza. Yakan ce wanda yake son lamba ya je ya ƙona yatsunsa kamar yadda shi ya ƙona nasa. Ni ma baya yake juya mini in zai kankare. Na taɓa tambayarsa, ya ce in na cika shekara a shago zai gaya mini. Ban taɓa cikawa ba.

Na kwance guda biyun da suka ƙone, na zuba a aljihu, na tafi wurin Mai Kwalabe. Shi ke sayar da kayan gyara a ƙarshen layi, komai nasa a cikin kwalaben gilashi yake, daga ƙasa har rufi.

"A'a! Ɗan yawon duniya, an dawo?" ya ce. "Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara. Me ka kawo?"

Na zube masa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya yi dariya ta hanci.

"Aikin ubanka. Duk garin nan shi kaɗai yake yi wa taransisto aski."

"Wane iri yake saya a wurinka?"

"Ka ce wane iri ne bai saya ba. Ya zo ya ɗebi kala biyar don kada in gane wanda yake so. Shekara ashirin muna wannan ɓuyan da shi."

"To ba ni masu kama da waɗannan."

"Kama? Duk baƙaƙe ne, duk ƙafa uku. Jaki da doki ma ƙafa huɗu-huɗu gare su, amma ba a tsere da jaki."

Na dai nace. Abu ɗaya na sani: kala biyu ne suke aiki tare, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, kuma mita tana bambanta su. Na gwada lafiyayyun da suka rage na san wanne ne wanne. Don haka na ce ya ba ni mai turawa ɗaya, mai ja ɗaya, masu girman waɗannan. Ya ba ni, yana girgiza kai.

Kafin la'asar na sa su. Akwai kwan fitilar mota da Baba yake ratayewa a ƙusa, yana haɗa shi tsakanin batir da duk abin da ya gama gyarawa. In da matsala a ciki, kwan ne zai haska ya shanye wutar, kaya ba za su ƙone ba. Na gan shi a rataye. Na ji haɗa shi ɓata lokaci ne, na kama wayar batir kai tsaye.

Amfilifayar ta yi kiɗa. Kamar minti ɗaya ta yi, sarai, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Na ƙara murya kaɗan. Sai tas! Hayaƙi ya tashi siriri, ya bi rufi, ya fita ta ƙofa. Na tsaya ina kallonsa har ya ƙare. Da na gwada, duka huɗun na dama sun mutu, sababbin sun tafi da tsofaffi biyun da na tarar da rai.

Na rufe shago na yi ta tafiya a ƙasa. Na wuce gida, na wuce gada, na kai inda ake sauke katako, sannan na juyo. Ba tunani nake yi ba. Ƙafafuna ne dai ba sa son tsayawa.

Ranar Talata ban taɓa komai ba sai da rana ta yi. Na ɗauki biyu daga cikin tsofaffin da suka ƙone, da wasu kala uku da na aro wurin Mai Kwalabe, na tafi asibiti lokacin ziyara.

Ɗakin gado shida ne, Baba yana na kusa da taga. Rabin fuskarsa ya sauka, hannun dama yana kwance a kan bargo kamar na aro. Tun da ya faɗi kalma ɗaya ta rage a bakinsa. A ba shi ruwa ya ce to, a juya shi ya ce to, likita ya tambaye shi sunansa ya ce to. Inna tana zaune a kan kujerar roba tana yi masa fifita da kwali.

"Baba, akwatin Ƙara-Wuta ne," na ce. Na jera sababbin ukun a kan zanen gado kusa da hannunsa na hagu. "Wanne ne a ciki? In babu, ka ture su."

"Kai, wai lafiyarka?" Inna ta ce. "Mutum yana kwance ka kawo masa aiki?"

"Tambaya kawai nake yi, Inna."

"Da yana tsaye da ƙafafunsa ba ka tambaya ba."

Baba ya dubi abubuwan. Idonsa ya daɗe a kansu. Yatsunsa suka matsa a hankali, suka tattara ukun gaba ɗaya cikin tafinsa, ya dunƙule.

"Wanne, Baba?"

"To," ya ce.

Na jira. Numfashinsa ya yi nauyi, ya yi barci da su a hannu. Aro ne, dole in mayar. Sai da na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na zare su. Ƙafafunsu sun bar masa ƙananan ramuka a tafin hannu. Inna ta kawar da kai, ta ci gaba da fifita.

Ranar Laraba na buɗe shago da sassafe. Tunda babu mai gaya mini, na ce bari in tambayi amfilifayar da kanta. Na cire duka na dama, na share wurin, na haɗa kwan fitila wannan karon, na ba ta wuta, na sa mita a inda ƙafafun taransiston suke zama. Bolt talatin da biyar a sama, talatin da biyar a ƙasa. In kiɗa ya yi ƙarfi, kowane taransisto sai ya riƙe duka biyun, saba'in ke nan. Na nemi lambar waɗanda na sayo ranar Litinin a wayata. Sittin suke iya ɗauka. Na ɗora wa jaki kayan raƙumi. Na kuma sami wasu ƙananan kaya biyu a bayansu da suka gasu, na canza su daga gwangwanin Baba.

Na koma wurin Mai Kwalabe na ce ina son masu ɗaukar bolt ɗari, masu ƙarfin jan wuta, mai turawa da abokinsa.

"Yanzu ka yi magana," ya ce. Ya hau benci ya sauko da kwalabe huɗu. "Waɗannan biyun da waɗannan biyun lambarsu ɗaya. Amma wasu na gaske ne, wasu hoto ne. Ni ma haka aka kawo mini, ban rantse a kan kowa ba."

Na tuna na taɓa ganin Baba yana fasa sabon taransisto da filaya, na ɗauka fushi yake yi. Na karɓi filaya, na fasa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. A cikin na farko akwai ƙwaya mai sheƙi, faɗinta ya kai rabin farcen ƙaramin yatsa. Ta cikin na biyu ba ta fi kan allura ba.

"Ka gani?" in ji Mai Kwalabe. "Babban rawani, ƙaramin kai."

Saura daidaitawa. Taransisto biyu da suke ɗaukar kaya tare dole ƙarfinsu ya zo kusa da juna. In ɗaya ya fi zafin nama, shi zai kwashe kayan duka, ya mutu da wuri, ya ja ɗan'uwansa. Mitar Baba tana da 'yan ramuka da ake cusa ƙafafun ta ba da lamba. Na zauna a ƙasan shagon Mai Kwalabe, na juye kwalabe biyu a kan jarida, ina gwadawa ina rubuta lambar kowanne a gefensa. Wannan sittin da biyu, wannan ɗari da goma, wannan saba'in. Masu saye suna tsallake ƙafafuna. Awa biyu na yi a wurin ba tare da na sani ba, ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba.

"Haka yake yi mini," Mai Kwalabe ya ce wa wani mai saye. "Uban ya tare mini ƙofa shekara ashirin, yanzu ya turo magaji."

Na ware huɗu da suka yi daidai, na miƙe.

"Ɗauki takwas."

"Na hagu lafiyarsu lau. Na gwada."

"Lafiyar da mita ta gaya maka. Shekara nawa suna gasuwa a ƙarƙashin kujerar Ƙara-Wuta? Mutumin da bai san murya tana da rabi ba? Ga kuma abin da ka yi musu shekaranjiya. Tare suka sha wuyar nan, yaro. Canza su duka."

Na koma na zauna, na ware wasu huɗun.

Na dama ba su ba ni wahala ba. Na shafa farin man da ke kai zafi jikin alminiyon, na sa 'yar siririyar takardar da ke raba su da ƙarfen, na ɗaure, na narka dalma. Sannan na juya akwatin, na kai bakin ƙarfe kan ƙafar farko ta ɓangaren hagu.

Dalmar Baba ce a wurin. Kowace ɗaya kamar ɗigon ruwa, girmansu ɗaya, har yanzu suna sheƙi. Na dubi tawa a ɗaya gefen, wata ta yi tudu, wata ta yi tsini. Ƙarfen yana hannuna yana hayaƙi.  Na dai ga na mayar da shi mazauninsa, na zuba sababbi huɗun a gwangwanin madara. Mita ta ce lafiyarsu lau, na bar su.

Da na ba amfilifayar wuta, kwan ya haska ya dushe, yadda ake so. Na cire shi, na bar ta tana kiɗa awa guda. Sifikar gwajin ƙarama ce, ban wuce da murya rabi ba. Na taɓa alminiyon, ɗumi kawai. Na rufe murfi.

Ranar Alhamis da hantsi Ƙara-Wuta ya faka doguwar motarsa a ƙofar shago, ya toshe rabin layi. Gajere ne mai ƙaton ciki, maganarsa kamar yana kiran wani a tsallaken kogi. Kawu ya iso bayansa da kaɗan, ya tsaya a inuwa, hannu a baya.

"Ɗan maigida! Kai ne likitan yau?" Ƙara-Wuta ya ce. "Sati biyu ina tuƙi shiru kamar mai ɗauke da gawa. Fasinja har tarinsu nake ji. Yaya tsohon?"

"Da sauƙi."

"Zai tashi. Irinsu ba sa tafiya, rowar lamba ba za ta bar shi ba."

Na shiga ƙarƙashin kujerarsa na ɗaure akwatin, na haɗa wayoyi. Wurin yana warin man inji da tsohuwar ƙura. Sifikunsa shida ne, biyu a baya kowace ta kai girman faifai. Ya kunna. Kiɗa ya cika motar, gilasai suka fara rawa. Ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Kai! Ɗan gado! Kawu, ka ji?"

Kawu ya matso bakin ƙofa, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Bari mu ji gaskiyarta," Ƙara-Wuta ya ce, ya murɗa har ƙarshe.

Mai ɗinki ya fito ya toshe kunne. Yara suka taru. Ina jin bugun a haƙarƙarina. Waƙa ɗaya ta ƙare, ta biyu ta shiga, ta kai tsakiya. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai komai ya ɗauke. A cikin shirun na ji injin yana ci gaba da kaɗawa, sannan warin ya iso.

Na sake shiga ƙarƙashin kujera, na kwance amfilifayar, na kai kan tebur. Fiyus ya tsinke. Na buɗe murfi, su biyun suna tsaye a kaina. Na dama, nawa, suna nan garau da lambobinsu. A hagu, biyu daga cikin masu kankararriyar fuska sun tsage daga sama har ƙasa.

Ni kaɗai na san abin da nake kallo. A idon Kawu duk baƙaƙen abubuwa ne masu ƙafa uku.

"Me ya faru?" ya ce.

"Ta ƙone."

"Ina da hanci. Aikinka ne ya ƙone ko wani abu daban?"

Amsar tana bakina, gajeriya ce, kuma gaskiya ce. Na dubi dalmar nan mai kama da ɗigon ruwa, gefenta ya yi baƙi. Na dubi gwangwanin madaran da na zuba sababbi huɗun a ciki.

"Ni na rufe ta," na ce.

Kawu ya yi ajiyar zuciya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu, na ciro makulli na sa masa.

"Ka kwashe kayan ubanka yau. Gobe mutumin zai zo ya yi fenti." Ya ɗan tsaya. "Ba don ƙiyayya ba ne, ka sani."

"Na sani, Kawu."

Ya tafi. Ƙara-Wuta ya kashe mota, ya dawo yana sosa ƙeya.

"To ni yanzu ina zan kai ta? Duk wanda ya buɗe ya ga askin ubanka sai ya ce in sayi sabuwa. Ka riƙe ta. Asabar zan biyo, in ta sake ƙonewa kai zan ɗaure a ƙarƙashin kujera ka riƙa yi wa fasinja waƙa. Ina ne gidan? Kama teburin nan."

Mu biyu muka ɗora shi a kan motar, muka zuba gwangwanaye da batir da sifika a kujerun baya. Kayan shekara ashirin da wani abu ba su cika kujera uku ba. Duk hanya kusoshi suna ta kaɗawa a cikin gwangwani.

Teburin ya ƙi shiga ƙofar ɗakina. Muka juya shi ta kowace fuska, daga baya muka bar shi a lungun da ke tsakanin ɗakin Inna da wurin wanka. Ƙara-Wuta ya sha ruwa ya tafi.

Ina jera gwangwanaye Inna ta shigo ɗaukar wa Baba kayan sawa. Ta tsaya da jaka a hannu, ta dubi teburin, ta dube ni.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"In ya tashi ya tambaya, me zan ce masa?"

"Ki ce ana aiki."

 Sannan ta karkata, ta matse ta wuce tsakanin teburin da bango, ta shiga ɗaki. Babu soket a lungun. Na jawo doguwar waya ta tagar ɗakina, na jona ƙarfen dalma, na zazzage sababbi huɗun a kan tebur, na zauna ina jira ya yi zafi.